Motar da Ta Zo Wa Kaka Ta'aziyya

Bari in fara da wautata, tun da duk Talata Mafara ta riga ta ji, kuma kowa yana ba da labarin da gishirin da ya fi nawa yawa. Washegarin ranar da muka binne Kaka, mahaifin babana, na shiga shagonsa da ke jikin zauren gidanmu don kawai in shaƙi warin wurin. Na ɗauko tsohuwar motarmu ta rimot, wata ja da aka ɗaure wa ƙugu da waya, na kunna ta na ajiye a ƙasa. Allah ya sani ban yi niyyar tuƙa ta ba. Akwai wani ɗan kuka da take yi idan wuta ta shige ta, kuma duk sanda ta yi shi Kaka yakan amsa mata da "Amin." Kukan nan nake son ji. Ina tsaye sai Baffa, yayan babana, ya ƙwala mini kira in zo in zauna cikin maza. Na cusa rimot a aljihun jallabiya na fito, na bar motar a kunne.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane sun cika har bakin titi. Liman ya ɗaga hannu, muka ɗaga. Na sunkuya sosai don jama'a su ga jikan mamaci yana da tarbiyya, sai cinyata ta danne sandar rimot.

Motar ta fito daga shago kamar an yi mata kiran gaggawa. Ta hau tabarma, ta ratsa tsakanin sahu, ta ture butar wani malami, ta bi ta kan babbar rigar wani Alhaji daga Bakura. Alhajin nan tun ina goye yake dogara sanda, amma ran nan ya yi tsallen da na tabbata da a filin ƙwallo ne da an ba shi kofi. Daga ƙarshe ta je ta tokari takalmin Liman, tayoyinta suna ta juyawa, tana neman hanyar wucewa.

Wani dattijo daga Ruwan Gizo ya ce, "A'uzu billahi! Mi ne na wanga?" Wani daga baya ya ce, a hankali amma don a ji, "Ko bayan rai nai bai bari ba." Yaran da ke leƙe ta kan katanga suka fashe da dariya. Liman dai bai sauke hannu ba, Allah ya saka masa, sai da ya kai Fatiha ƙarshe, ko da yake na ga gemunsa yana rawa.

Mutum ɗaya ne cikin manya ya yi dariya a fili, aminin Kaka, wani tsoho da muke kira Tsohon Kaya don daga garin Kaya yake zuwa cin kasuwa. Ya yi dariya har hawaye suka zubo, da dariyar ta ƙare kuma hawayen ba su tsaya ba. Ya share fuska da bakin rawani ya ce, "Ku bar ta. Ita ma ta'aziyya taz zo. Cikinku wa yaf fi ta zama da shi?"

Da baƙi suka ragu, Baffa ya kira ni da babana cikin zaure. Bai doke ni ba, da ma ya doke ni ya fi sauƙi. Ya ce, "Mahaifinmu ya yi shekaru shina gyaran rediyo, da shi yac ciyar da mu, da shi yaj je Makka. Da wanga za a tuna shi, ba da wasan yara ba. Kahin addu'ar arba'in a kwashe shagon ga. Ƙarhe a ba 'yan gwangwan, saura a ƙone." Babana ya dubi ƙasa ya ce, "To, Yaya." Babana mutumin kirki ne, amma tun da aka haife shi bai taɓa ce wa Baffa wani abu da ya wuce "To, Yaya" ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Kwanakin makokin nan duka na zauna ina jin ana yabon wani mutum mai haƙuri, mai shiru, wanda ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya nemi izininsa kafin ya kore shi. Wannan bawan Allah, ko waye shi, Allah ya jiƙansa shi ma. Amma ba Kakana ba ne. Kakana mafaɗaci ne. Yana faɗa da batir, yana faɗa da akuyar maƙwabta, yana faɗa da mai karanta labarai a rediyo kamar yana jinsa. Ni kuwa sunana a bakinsa Ja'iri, kuma ya ce ni ne ɓarawon da ke neman ƙwace masa mata, don Inna, kakata, tana kirana Angona tun ban iya tafiya ba. Idan za a binne shi sau biyu, sau ɗaya a maƙabarta, sau ɗaya cikin yabon ƙarya, to na biyun ba da ni ba.

Gaskiya ne ya yi gyaran rediyo, kuma ya iya. Amma da waya ta shigo hannun kowa, aikin ya mutu ya bar shi zaune a shago yana kallon titi. Ana haka, wata Sallah, aka kawo masa wani yaro yana kuka. Iyayen yaron suna cikin waɗanda suka baro ƙauyukan wajen Maradun saboda ɓarayin daji, suka raɓe a gidan maƙwabcinmu. Wani ya saya wa yaron motar rimot, irin ta roba, kuma tun kafin a sauko daga idi hannun da ke riƙe tayarta ya karye. Kaka ya juya ta ya ce, "Wanda yay yi wagga mota bai taɓa ganin ƙasar Mafara ba. Don tsakar ɗakin masu kuɗi anka yi ta."

Ya ɗaure hannun da waya, ya karye. Ya sassaƙa na icce, ya tsage. Ya yanko murfin tukunyar Inna na dalma, ya lanƙwashe, Inna kuma ta yi mako tana dafa tuwo da faifai a kan tukunya tana yi masa addu'ar shiriya. A lokacin ne na nuna masa wani bidiyo a wayata, na wani mutum yana yin kayan irin waɗannan motoci da ƙyallen kabon. Baƙin ƙyalle ne mai sheƙi, saƙaƙƙe, wanda idan aka jiƙa shi da wani irin gam ya bushe yakan koma kamar ƙarfe, amma ba nauyi. Kaka ya kalla, ya sa na maimaita, sannan ya ce, "Ja'iri, wanga ai tabarma ce. Tabarma anka sa ma suna na Turawa."

Ɗan ƙanensa mai fatauci zuwa Legas ne ya samo mana ƙyallen da gam ɗin. Daga ranar muka zama abokan sana'a: ni ke da Turanci, shi ke da hannu. Turancin nawa kuwa na aji ne, saboda haka inda ban gane ba sai in ƙirƙira. Mutumin bidiyo zai yi dogon bayani, Kaka ya ce, "Mi yac ce?" In ce, "Ya ce a ba yaron da ke fassara tsire." Kaka ya ce, "Hwaɗa mai ya ci gidansu."

Aikin ba wuya a baki. Ana samun gilashi mai santsi a shafe shi da abin da zai hana kamawa. A yanka ƙyallen a shimfiɗa, a shafa gam, a ɗora wani a kai. Gam ɗin kwalba biyu ne, babba da ƙarama, Kaka yana kiransu uwa da ɗa, kuma da sirinji yake auna su don in ɗa ya yi yawa, zafin bazarar nan yakan sa ya daskare tun yana cikin kofi. Sai a rufe komai da leda a tsotse iskar ciki. Mu da injin tsohon firji muke tsotsewa, wanda in ya tashi kaji sukan bar unguwa. In ya bushe, a ɓamɓaro baƙin faranti a yanka shi da zarto cikin kwanon ruwa, don ƙurarsa ta fi ƙaiƙayin gero mugunta. Babban sirrin dai ɗaya ne, kada a jera ƙyallen fuska ɗaya. Kaka yakan ce, "In duk zare ya dubi gabas, ranar da bugu yaz zo daga arewa ka shiga ukku. A gicciya su."

Kada ku ɗauka komai ya sani. Faɗanmu mafi girma a kan abin shafa gilashi ne. Na ce masa mutumin bidiyo ya ce kakin zuma ake sawa. Ya ce mutumin bidiyo bai san man kaɗanya ba ne, da ya sani da bai wahalar da kansa ba. Na ce kaki. Ya ce, "Ni da kai wa yag girmi wani?" Gilashin da muke da shi ya fashe, sai ya lallaɓa ɗakin Inna tana gidan suna ya ciro madubinta na bango, wanda ta zo da shi tun aurenta. Ya shafe shi da man kaɗanya kamar mai shirya amarya, muka shimfiɗa ƙyalle. Da ya bushe, faranti da madubi suka zama abu ɗaya har abada. Mun sa wuƙa, mun sa ruwan zafi, Kaka har lallashinsa ya yi. Ganin ba dabara, ya mayar da madubin ya rataye a inda yake, baƙi ƙirin, ya fita masallaci tun ba a kira salla ba.

Inna ta dawo ta tsaya gaban madubinta ta ga duhu. Ta kira ni ta ce, "Angona, ko dai na mutu ne ba a hwaɗa mani ba?" Kwana da kwanaki Kaka yana cin abincinsa a shago. Har ya bar duniya bai ce ni ke da gaskiya ba. Abin da ya yi kawai, wata Talata ya dawo daga kasuwa ya jefo mini dunƙulen kakin zuma a cinya ya ce, "Riƙe, na tsinta a hanya."

Kafin shekara ta zagayo, ba yaron da motarsa za ta karye a Mafara bai san ƙofar shagonmu ba. Har daga Bakura ake aiko su cikin buhun shinkafa. Kaka zai auna hannun da ya karye, ya zana shi a kwali, ya yanko sabo daga baƙin faranti. Yaran da suka baro ƙauye kuwa ba ya sallamarsu. Da la'asar yakan jera su a bakin hanyar ruwan da ke shiga gonakin rani, ya ba kowa rimot bi da bi. Wanda ya yi karo, Kaka ya zage shi tas, sannan ya sake miƙa masa ya ce, "Koma. Wa yac ce ka tsaya?" Akwai wata ƙaramar yarinya cikinsu da tun zuwansu ba wanda ya ji muryarta. Ranar da ta tuƙa mota ta faɗa cikin kwandon mai tumatir, ta yi wata dariya da ta sa uwarta fitowa ba mayafi.

Baffa bai taɓa son abin ba. Wata rana ya sami Kaka durƙushe cikin ƙasa yana daidaita taya, yara sun kewaye shi, ya ce, "Baba, don Allah ka dubi shekarunka. Ƙasa tana cikin wanga hali, kullum ana jana'iza, kai kana nan kana wasa. Mutane suna magana." Kaka bai ko ɗago ba. Ya ce, "Sun hana su gona, sun hana su makaranta, sun hana su barci. Saura dariya. In ni ma na hana su, to na taya ɓarayi aiki. Tahi ka hwaɗa ma mutanen naka haka." Baffa ya juya ya tafi, Kaka ya bi shi da cewa, "In ka dawo ka zo mani da batir!"

Motar da ya fi so ita ce wadda muka fara ginawa da kanmu tun daga ƙasa, ba gyaran ta wani ba. Ya sa mata suna Duna, irin sunan baƙin jaki, don ya ce Mafara ba ta bukatar doki, jaki take so, mai ɗaukar duka ya ci gaba da tafiya. Ranar gwaji Duna ta yi gudu har ta ba ni tsoro, sai ta hau wani tudu a bakin hanyar ruwa, ta tashi sama, ta dawo a kan dutse. Farantin ƙasa, wanda duk kayanta ke zaune a kansa, ya rabe biyu. Mun yi shi siriri ne don tsimin ƙyalle. Kaka ya tsince ta ya ce, "Rowa ce tak kashe ki. Za mu sake." Ƙyallen da ya rage mana bai fi girman sallaya ba. Ya ce zai ɓoye shi inda ɓera ba zai gani ba, sai zafi ya ragu mu yi aikin.

Zafin bai ragu ba Kaka ya kwanta. Ciwon bai daɗe ba. Ran da na kai masa kunu asibiti ya dube ni ya ce, "Ja'iri, ka dai samu yadda kake so, matar ta zama taka." Na ce ni ba na son tsohuwa, ya warke ya riƙe kayarsa. Ya yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta kore ni waje. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Daga Allah muke, wurinsa kuma kowa ya nufa, Kaka ya riga mu ne kawai.

To, da Baffa ya yanke hukuncinsa, na rantse a raina Duna za ta tashi kafin a taɓa shagon nan. Na birkice ko'ina ban ga ƙyalle ba. Na shiga wurin Inna, tana takaba a ɗakinta, carbi a hannu, baƙin madubin nan har yanzu a bango. Ta ce, "Cikin shuɗiyar riga tai yan naɗe shi, yas sa akwati. Ni nig gani." Na buɗe akwati, wayam. Ashe Gwaggo, ƙanwar babana, ta riga ta raba tufafin Kaka sadaka kamar yadda ake yi, kuma shuɗiyar rigar, da abin da ke cikinta, Tsohon Kaya aka ba.

Na je wa Baffa da maganar, don wauta ba ta ƙare mini ba. Ya ce, "Sadakar mamaci kake so a je a karɓo? Kana da hankali? Sadaka ba ta komowa gida." Ya ƙara da cewa in ƙafata ta taka hanyar Kaya, a irin wannan lokaci, shi zai karya ta kafin ɓarayi su samu dama.

Na koma ɗakin Inna na zauna na gaya mata yadda muka yi da Baffa. Ta dube ni ta ce, "Kai, kwaso kayan aikin nan ka kawo nan." Na ce Baffa ya ce a ƙone. Ta ce, "Ya ce a kwashe shago. To kwashe. Ɗakina ba shago ba ne." Ranar na yi ta jigila ta bayan gida: uwa da ɗa, sirinji, zarto, injin firji, Duna a rabe biyu. Duk suka shige ƙarƙashin gadon mai takaba, inda ko Baffa sai ya yi sallama sau uku kafin ya ɗaga labule.

Ranar Talata na tsaya a bakin kasuwa inda motocin Maradun ke sauke mutane. Na hango Tsohon Kaya tun daga nesa, ba don rawaninsa ba, don susa. Yana susar wuya, yana susar ƙirji, yana goga baya a jikin mota kamar akuya a jikin garu. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi Inna da haƙuri da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, duk yana susa. Na ce, "Baba, lahiya?" Ya ja ni gefe ya ɗaga shuɗiyar rigar Kaka da ke jikinsa. A ciki yana sanye da 'yar shara, kuma tela ya yanyanka ƙyallenmu ya ɗinke shi a cikinta, gaba da baya.

Ya rage murya ya ce, "Amini ya bar mani babban abu. An ce harsashi ba ya huda shi. Ɗana nika so ya riƙa sawa in za shi gona, amma nac ce bari in gwada hanya da shi tukuna. Ƙaiƙayin ga kuwa, ai duk magani mai ƙarhi haka yake."

Maganar harsashin nan ta daɗe tana yawo a gari. Ban san wanda ya fara ta ba, sai dai an ce muryarsa ta yi kama da tawa. Da a wani wuri ne da na yi dariya har na faɗi. Amma na tuna ɗansa zai sa wannan abu ya shiga daji yana ganin ya tsira. Akwai mai tsire kusa da mu, na tsinci tsinke a ƙasa na ce, "Baba, ka yi mani izini." Na kama gefen 'yar sharar na soka. Tsinken ya wuce kamar a cikin ɗanwake.

Ya daɗe yana kallon tsinken. Na ce masa ƙyallen shi kaɗai ba komai ba ne, sai an jera shi an gicciya an sa gam, kuma ko an yi hakan, motar yara yake riƙewa, ba harsashi ba. Ya ce, "To mi yas sa yan naɗe shi cikin riga kamar Alƙur'ani?" Na ce saboda ɓera. Sai ya yi irin dariyar nan tasa mai ƙarewa da hawaye. Ya ce, "Ja'irin tsoho. Ya mutu bai bar ja na ba." Na gaya masa labarin Duna da hukuncin Baffa, na kuma ce ban zo karɓa ba, don sadaka ba ta komawa gida. Ya ce, "Haka ne, ba ta komawa. Wuce mu tahi."

A zaure muka sami Baffa. Bayan gaisuwa mai tsawo, Tsohon Kaya ya tuɓe 'yar sharar a gabansa, ƙirjinsa ja wur kamar an zuba masa barkono. Ya ce, "Kun ba ni sadaka, na karɓa, Allah ya kai lada kabarin amini. Yanzu kayana ne ko ba kayana ba?" Baffa ya ce, "Naka ne, Baba." Ya ce, "To na ba yaron ga kyauta. Ko akwai littahin da yah hana?" Tun da nake, ranar na fara ganin Baffa ya rasa abin cewa, na kuma so a ce babana yana wurin ya ga ana iyawa.

Da safe na warware ɗinkin tela a ƙofar ɗakin Inna. Ƙyallen ya zama guntaye, wasu a miƙe, wasu a karkace yadda tela ya yanko wuya da hammata. Ba ni da gilashi. Inna ta nuna ƙofar kabet ɗinta ta kwanuka ta ce, "Ciro. Amma Angona, in ka sa man kaɗanya na sake ka." Na shafa kaki har sai da hannuna ya gaji. Na jera guntayen ina gicciyawa, ban yi rowa ba ko kaɗan, duk na zuba su. Na rufe da leda na tayar da injin firji, kaji suka watse.

Ƙarar ce ta kawo Baffa. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Inna, takaba kike yi. Mi mutane za su ce in sun ji wanga a ƙohwar ɗakinki?" Inna ba ta daina jan carbi ba. Ta ce, "Ni ka takaba ko kai? Ni niz zauna da mutumen nan tun ba a haihe ka ba. Ya ci mani murhin tukunya, ya ci mani madubi, ban kai ƙara tai wurin kowa ba. Kai da bai ci ma komai ba, kai za ka hwaɗa mani yadda za a tuna shi? Matsa, kana tare ma yaro haske." Baffa ya matsa. Daga nan ya fita, bai sake zancen ƙonawa ba, bai kuma sake yi mini magana ba sai da watan ya ƙare.

Farantin ya rabu da gilashi salin alin. Na yanka shi cikin kwanon ruwa, na huda, na mayar wa Duna kayanta ɗaya bayan ɗaya. Bai yi kyau kamar na Kaka ba, gefe ɗaya ya fi kauri, kuma in ka duba da kyau za ka ga layin inda allurar tela ta bi. Na sa batir a tsakar ɗakin Inna na kunna. Duna ta yi ɗan kukan nan. Daga kan gado Inna ta ce, "Amin."

Allah ya jiƙan Kaka, mafaɗaci, mai taurin kai, mai cin madubin mata. Allah ya yafe masa abin da muka sani da wanda ya ɓoye mana, ya sa yaran da ya ba dariya su zama shaidarsa, ya kyautata namu zuwan idan ya zo.

Da la'asar muka kai Duna bakin hanyar ruwa, yara suna biye da ni kamar ɗaurin aure. Yarinyar nan mai kwandon tumatir na ba rimot. Duna ta hau tudun nan, ta tashi, ta dawo a kan dutsen da ya karya ta. Tayar gaba ta fice ta faɗa ruwa, ba mu same ta ba har yau. Shagon kuwa Baffa ya ba wani mai cajin waya haya bayan arba'in. Duna tana ƙarƙashin gadon Inna da taya uku, farantin bai karye ba.